Kwano Ɗaya, Baki Biyu

Litinin, 2 ga wata, da la'asar

Sun kwantar da ni. Da ƙafata na zo awo, har da niyyar in biya kasuwa in sayi sabulu, sai ga ni a gadon bakin ƙofa cikin rigar asibiti mai igiya a baya. Maigida ya koma gida ɗauko mini kaya. Ya kawo zannuwa tuli, ya manta buroshi, ya haɗo da wannan littafin da ban aike shi ba, wai in rage zaman banza. Bakanike ne, a ganinsa duk abin da aka ajiye ba ya aiki tsatsa yake yi.

Likitar yarinya ce, ban jin ta kai ni shekaru, da tabarau mai kauri. Ta daɗe tana yawo da abin hoton a kan cikina, ni kuwa na san daɗewar likita ba ta banza ba ce. Daga baya ta juyo da allon wajena.

"'Yan biyun naki mabiyiya ɗaya suke ci," in ji ta. "Igiyar cibiyar babbar ta shiga tsakiya, inda ake so. Ta ƙaramar ba ta kai can ba. A gefe ta maƙale, a jikin fatar faya, jijiyoyinta a tsirara suke bi ta kan fatar kafin su isa mabiyiya. Abin da take samu kaɗan ne. Kuma in faya ta fashe kina gida, za su iya tsinkewa kafin ki iso nan."

Ta ci gaba da wani bayani a kan jijiyoyin da suka haɗa su, amma ni hankalina ya riga ya yi gaba. Ni da na ƙarar da ƙuruciyata da ludayi a hannu ina rabon abinci a makarantar kwana, wa zai koya mini wannan karatun? Kwano ɗaya ne, yara biyu, ɗaya ta fi ƙarfin hannu.

Talata, 3 ga wata, da safe

Safe da yamma Sista za ta riƙa zuwa da na'urar jin bugun zuciya. Na babbar ko nema ba a yi, ana ɗorawa sai dum, dum, dum, kamar ana daka a maƙwabta. Na ƙaramar sai da ta ƙara man nan mai sanyi, ta danna ƙasa ta hagu, ta ce in riƙe numfashi. Can ya fito, siriri. Ta ce, "An ji biyu," ta wuce gado na gaba.

Na raɗa musu suna. Babbar Acici, ƙaramar 'Yar Firit.

Laraba, 4 ga wata, da azahar

Matar da ke gadon taga hawan jini ne ya kawo ta, amma bakinta lafiya lau. Rediyo ake ce mata, kuma tana amsawa. Kafin in gama alwala ta gaya mini wace nas ce mai hannun allura, wace ce mai hucin maciji, da wane famfo ne ke kawo ruwa da safe. Da ta ji 'yan biyu ne ta tafa hannu ta ce, "Kai, 'yar'uwa, kin yi sayen ɗaya da gyara!" Na yi dariya. Da na juya bango dariyar ta ɗauke, don na san wace ce gyaran.

Inna ta zo da kwanuka kamar mai ciyar da 'yan gini. Ƙwai, hanta, madara, kifi. Ta zauna a bakin gado tana tura mini cokali.

"Ci, don ƙaramar ta samu."

Na ci har na ji zan amayar. Ban gama ajiye kwanon ba Acici ta hau shure-shure a ƙarƙashin haƙarƙarina, har rigar tana motsi. Ta hagu shiru.

Alhamis, 5 ga wata, da yamma

An ji biyu.

Asabar, 7 ga wata, da hantsi

Na yi mafarkin ɗakin cin abincin makaranta. Layi ya ƙare, na riga na kankare tukunya, sai na ɗaga kai na ga saura yarinya ɗaya riƙe da kwano. Ta ƙi tafiya. Ina ta zura ludayi ina jin ƙarar ƙarfe. Na farka hannuna na dama yana ciwo.

An taɓa kawo mana wata 'yar aji ɗaya mai siraran ƙafafu. Lokacin ƙarancin kwanuka muke, ana haɗa yara bibbiyu. Aka haɗa ta da wata ƙatuwa mai hannu kamar shebur. Kullum 'yar nan tana rama, malamai suna ta cewa kewar gida ce. Ni na tsaya a bayansu rana ɗaya na gani da idona. Washegari na kawo kwano daga gidana na raba su, na sa ƙaramar a gabana. Kafin hutu kumatunta sun fito. Tun daga nan ba na wa'azi ga yaro mai haɗama, kwano nake raba masa.

Lahadi, 8 ga wata, da la'asar

Maigida ya zo da farcensa baƙi ƙirin, ya wanke har sau nawa bai fita ba. Ya ɗora hannu a cikina, Acici ta ba shi ƙafa, ya washe baki.

"Wannan ai ɗiyar babanta ce. Ji ƙarfi!"

Na ture hannunsa. Ya ce me ya yi? Na ce bai yi komai ba. Ya zauna yana murza makullin gareji, yana ba ni labarin wata mota da ta ƙi tashi. Ban ce masa ya taɓa ta hagu ba, shi ma bai nema ba. Na san tsoro yake ji, amma haushinsa nake ji duk da haka.

Talata, 10 ga wata, da safe

An sake hoto. Acici ta ƙara. 'Yar Firit ta ƙara, in ji Likita, "kaɗan." Ta nuna mini wani layi mai hawa da sauka a allon, wai jinin da ke bi ta cibiyar ƙaramar ne. Yana tafiya, ya ɗan tsaya, ya sake tafiya. Na tambaye ta ko in na riƙa kwanciya ta hagu abincin zai fi gangara mata. Ba ta yi mini dariya ba, Allah ya yi mata albarka. Ta ce in kwanta ta inda na fi jin daɗi.

Na kwanta ta hagu har kafaɗata ta mutu.

Laraba, 11 ga wata, da yamma

An ji biyu. Sista ta daɗe tana nema.

Alhamis, 12 ga wata, da azahar

Abin da zan rubuta ba zan iya faɗa wa ko Inna ba. Ba na son motsin Acici. In ta shure ni sai in ji raina ya ɓaci, kamar na kama yaro da hannu a tukunya. Ɗazu har na ce mata a fili, "Ke dai ba kya ƙoshi." Rediyo ta zaci da ita nake, ta ce ai likita ne ya hana ta gishiri, shi ya sa take ramawa da burodi.

Wace irin uwa ce ke jin haushin abin da ke cikinta? Na yi istigifari. Ta sake shure ni, na sake jin haushin.

Asabar, 14 ga wata, da hantsi

An ɗauki Rediyo da safe, a kan gadon turawa, da gudu. An bar silifas ɗinta ƙarƙashin gado. Zuwa yanzu an canza zanin gadon, an goge durowar, wata baƙuwa ta kwanta. Na tambayi Sista, ta ce an mayar da ita wani ɗaki. Na tambaye ta labarin jaririn Rediyo, ta ce in miƙo hannu za ta auna jinina.

Ɗakin ya yi shiru da yawa. Har ƙarar fankar sama nake ji.

An ji biyu.

Litinin, 16 ga wata, da la'asar

Likita ta ce a kira Maigida. Ta ja labule ta kewaye gadon, ta zauna, abin da ba ta taɓa yi ba.

Ta ce layin nan ya fara tsayawa fiye da da, wani lokaci ma jinin baya yake komawa. Hanya biyu ce. A yi mini aiki cikin makon nan a ciro su, su duka su shiga kwalbar renon bakwaini, ƙaramar kuwa ƙarama ce ƙwarai. Ko a jira mako ɗaya ko biyu ana dubawa kullum, ƙila ta ƙara ƙwari, amma abin zai iya faruwa tsakanin awon safe da na yamma ba tare da sallama ba. In kuwa ya faru a ciki, babbar ma ba za ta tsira lafiya ba.

"Ke me kika gani, Likita?" in ji Maigida.

"Gaba kura ce, baya sayaki. Duk wadda kuka ɗauka zan tsaya muku, ba zan ce kun yi kuskure ba."

Da ta fita ya ce shi dai a jira. Injin da bai gama haɗuwa ba ba a tayar da shi. Na ce 'ya'yana ba inji ba ne. Na ce kowace rana da muka ƙara, Acici muka ƙara wa. A kwalba ko ba komai kowa da bututunta, kowa da awonta, ba mai sa wa wata hannu. Ya ce in bari mu kwana a kan maganar. Na ce na riga na kwana a kanta tun ranar da aka kwantar da ni.

"A raba musu kwano," na ce.

Ya gyara zaman hularsa. Sannan ya ce, "To. Ke ce kike ɗauke da su."

Talata, 17 ga wata, da safe

Allurar ƙarfafa huhun jarirai. Tana da zafi. Gobe wata.

Inna ta ce in yawaita addu'a in rage tunani. Ta yanke mini farce kamar ina yarinya. An ji biyu.

Laraba, 18 ga wata, da yamma

Gobe ne. An hana ni abinci daga magariba. Acici tana ta juyi, ni kuwa na ce mata yau kam kowa ya ɗanɗana.

'Yar Firit ta motsa. Sau ɗaya, a hankali, ƙasa ta hagu. Na ɗora tafin hannuna na ce mata ta yi haƙuri, saura kaɗan ta samu nata ita kaɗai.

An ji biyu.

Juma'a, 20 ga wata, da la'asar

Ɗinkin yana ja, rubutun ma da ƙyar. An ciro su jiya da hantsi. Kuka ɗaya na ji, mai ƙarfi, ban tambayi na wace ba. An ce ɗayar ma ta yi, ni ce ban ji ba.

Yau aka tura ni a keke zuwa ɗakin kwalabe. Ɗumi kamar kicin, ga na'urori suna ta ƙara. Kwalbar Acici ce a farko. Maigida ya tsayar da keken, na ce ya wuce. Ta 'Yar Firit tana can kusa da taga.

Ban san mutum yana iya zama haka ba. Fatarta ja, ana ganin jijiyoyi. Hularta ta rufe mata rabin fuska. Na zura yatsa ta ƙofar kwalbar, hannunta gaba ɗaya bai rufe farcena ba. Amma ta riƙe. Wallahi ta riƙe.

Asabar, 21 ga wata, da safe

Na tatsi nono, ɗigo kaɗan mai ruwan ɗorawa, a ɗan ƙoƙon roba. Na ce wa nas ɗin ɗakin kwalabe ta fara ba ƙaramar, abin da ya rage ta ba ɗayar. Ta ce ƙaramar ɗigo biyu kawai cikinta zai ɗauka, shi ma ta bututu. Na ce na ji, ita dai ta fara da ita.

Yanzu tana da bututunta, da awonta, da fitilarta. Ba mai taɓa mata.

Asabar, da yamma

An ƙara mata wata na'ura.

Lahadi, 22 ga wata, da azahar

An ce in koma gado in huta. Ba su bar ni na shiga ba.

Litinin, 23 ga wata, da la'asar

Maigida ya dawo. Gwiwoyin wandonsa duk jar ƙasa, har cikin farcensa, a kan baƙin man. Ya zauna a kujera bai cire hula ba. Inna ta buɗe durowata tana gyara kaya, ta ninke wasu ƙananan ta cusa can ƙasan jakarta tana zaton ban gani ba.

Mutane sun yi ta shigowa suna cewa Allah ya raya wadda ya bari. Na yi ta cewa amin.

An kashe fitilar kwalbar da ke kusa da taga.

Talata, 24 ga wata, da safe

Nono ya zo. Ya cika har hammata, ya jiƙa rigar. Na tatsa na ba su suka kai. Nas ta ce ko zan zo in ga yarinyar, yau ta buɗe ido. Na ce ɗinkin yana ciwo.

Laraba, 25 ga wata, da hantsi

Ɗinkin yana ciwo.

Alhamis, 26 ga wata, da la'asar

Likita ta zo duba ɗinki, ta ce ya yi kyau. Ta ce an gaya mata ban leƙa ɗakin kwalabe ba tun Asabar. Na ce wadda ke can ai ba ta rasa komai ba, tun a ciki ta iya neman na kanta. Ban yi niyyar faɗa ba, ya fito. Na ce ta ci nata ta ci na 'yar'uwarta, yanzu sai ta ci duniyar ita kaɗai.

Ta cire tabarau ta dube ni.

"Wa ya gaya miki haka?"

Na ce ba sai an gaya mini ba.

Ta ciro waya ta nuna mini hoton mabiyiyar, wanda suka ɗauka bayan aiki. Ban so gani ba, na gani. Ga cibiyar babbar a tsakiya, mai kauri. Ga ta ƙaramar can gefe, jijiyoyinta a warwatse kan fata kamar saiwar da ruwa ya tone. Yankinta ɗan tsito ne, bai kai tafin hannu ba. Sai ta bi wata jijiya mai kauri da yatsa, ta taso daga wajen babbar ta ratsa har wajen ƙaramar.

"Wannan na fara yi miki bayani ranar farko. Yankin ƙaramar shi kaɗai ba zai riƙe ta zuwa watannin nan ba, da tuni ta tafi. Ta nan jinin 'yar'uwarta yake zuwa mata. Zuciyar babbar aikin mutum biyu take yi. Ba ta ƙwace mata komai ba, Hajiya. Ita ke ciyar da ita."

Na sake duban jijiyar. Sannan na ce, "Da mun jira fa?"

"Ban sani ba. Wallahi ban sani ba. Ƙila ta ƙara ƙwari. Ƙila kuma yau ba ki da ko ɗaya. Ni ma da ni ce, ina jin abin da zan zaɓa ke nan."

Na san gaskiya ta faɗa. Amma ita da ta zaɓa, don ta ceci biyu za ta zaɓa. Ni na san dalilina.

Juma'a, 27 ga wata, da safe

Na je. Da ƙafata, ina dafa bango.

Ita ma ashe ƙarama ce. Duk Acicin da nake faɗa, cinyarta ba ta wuce babban yatsan Maigida ba. Fuskar iri ɗaya sak, har guntun hancin. Nas ta turo mini kujera.

Tana kwance ta karkata hagu, hannunta ɗaya a miƙe yana buɗewa yana rufewa. Nas ta ce duk yadda suka gyara mata kwanciya haka take komawa. Na ce jarirai haka suke ko? Ta ce eh, haka suke. Ba ta kalle ni ba.

Lahadi, 29 ga wata, da azahar

An sallame ni, ita tana nan. Kullum zan riƙa zuwa. Maigida bai taɓa ce mini "da kin ji maganata" ba, ko da ido. Da ya faɗa ma da na samu wanda zan yi faɗa da shi.

Na daina kiranta da wancan sunan. Ban sami wani ba tukuna.

Alhamis, 2 ga sabon wata, da hantsi

Na sake mafarkin layin. Yanzu su biyu ne, babbar tana riƙe da hannun ƙaramar, ni kuma ina tsakaninsu da ludayi ina cewa kowa ta koma teburinta.

Laraba, 8 ga wata, da la'asar

Jiya aka cire mata bututu, yau aka ce in gwada ba ta da kaina. Nas ta zaunar da ni bayan labule, ta kwance mini gaban riga, ta ɗora mini ita a ƙirji. Ba nauyi, sai ɗumi. Ta yi ta laluben bakinta, ta kama, ta ja. Na ji jan har cikin ɗinkina.

Ta sha kaɗan, da kyau, tana haɗiya ina ji. Nonon bai ko fara saki ba sai ta cire baki. Ba barci ta yi ba, idonta biyu. Ta juya kai hagu ta tsaya, nono yana gangara mata ta gefen baki.

"Bakwaini haka suke, saurin gajiya gare su," in ji nas. "Ko a ƙoƙo rabi take sha ta bari. Ki ɗan shafa mata kumatu."

Na shafa. Na mayar mata da shi bakinta, ta ƙi. Na sake, ta sake kau da kai, tana jira.

Na sunkuya dab da kunnenta don kada nas ta ji.

"Sha, uwata," na ce mata. "Shanye duka. Ba kowa a bayanki."

Ta daɗe tana jira kafin ta kama.